Ƙafar Roba: Daga Yatsan Itace na Masar Zuwa Hanyar Gwarzo

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanakin baya wani ƙanena, ɗan kawuna, ya turo min bidiyo a WhatsApp. Wani Bature ne da ƙafar ƙarfe mai batir, yana hawa bene da gudu kamar ba abin da ya taɓa samunsa. A ƙasan bidiyon ya rubuta: "Yaya, wannan nawa take?"

Yaron nan a wani ƙauye yake tsakanin Kabo da Gwarzo. Shekara uku da suka wuce ya ɗauko albasa a babur zai kai kasuwa, ya faɗi, ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure da kara tamau. Ya kwana yana ihu, ana ce masa ya yi haƙuri, haka ɗori yake. Kwana na huɗu yatsunsa sun yi baƙi. Da aka isa asibiti a birni, likita ya ce ko ƙafar ko ran. Aka yanke ƙasa da gwiwa. Daga baya wata ƙungiya ta ba shi ƙafar roba kyauta, muka yi murna har da walima. Bayan shekara guda dungun ya rame, ƙafar ta yi masa yawa, ta riƙa goge masa fata har gyambo ya fito, maɗaurin kuma ya tsinke. Waɗanda suka kawo ta sun daɗe da tafiya. Yanzu haka tana rataye a ƙusa a bangon ɗakinsa, shi kuma ya koma kan sanduna.

Ban iya ba shi amsa a ranar ba. Sai na koma na bi tarihin abin, kuma shi na kawo muku yau: daga ina ƙafar roba ta taso, ina ta dosa, kuma me zai sa ta iso wa mutumin Getso ko Garo ta zauna masa.

Bari mu fara daga farko. A wani kabari kusa da Luxor a ƙasar Masar, an tono gawar wata mata da babban yatsan ƙafa na itace da fata, wanda ya kai kusan shekara 3,000. An sassaƙa shi har da farce, kuma masu bincike sun ga alamar an yi ta gyara shi don ya zauna mata daidai. Mutanen Masar takalmin fata mai igiya suke sawa, irin fade ɗinmu, wanda in babu babban yatsa ba ya zama a ƙafa. Kun ga tun daga ranar farko, mai sassaƙar ya kalli yadda matar take rayuwa ne kafin ya ɗauki gizago. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A tarihin Musulunci ma akwai misali. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito. Zinare fa, wanda aka hana maza ado da shi. Daga nan malamai suka fahimci cewa mayar wa mutum da gaɓar da ya rasa magani ne, ba ya cikin canza halittar da aka hana. Don haka in ka ji wani yana cewa sa ƙafar roba rashin tawakkali ne, ka tuna masa da Arfajatu.

A Turai kuwa, yaƙi ne ya yi ta tura wannan sana'a gaba. A 1504 harsashin igwa ya cire hannun dama na wani barden Jamus, Götz von Berlichingen, aka ƙera masa na ƙarfe mai yatsu masu lanƙwashewa, ya ci gaba da yaƙi da shi shekaru da dama. A 1861, a farkon yaƙin basasar Amurka, wani saurayi James Hanger ya rasa ƙafa, ya shige ɗaki ya sassaƙa wa kansa wata da katakon ganga mai gaɓa a gwiwa; kamfanin da ya kafa yana nan har yau. Bayan yaƙin duniya na farko, da dubban sojoji suka dawo gida ba ƙafa ba hannu, Otto Bock ya buɗe kamfani a Jamus a 1919, ya kawo dabarar ƙera sassa da yawa a masana'anta, sannan a harhaɗa wa kowa daidai jikinsa.

Mu ma ta ƙofar yaƙi abin ya shigo mana. Asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas ya samo asali ne daga wurin jinyar sojojin yaƙin duniya na biyu, yaƙin da kakanninmu da yawa daga Arewa suka je har Bama. Asibitin ƙashi na Dala a Kano an buɗe shi a 1959, daga baya ya koma hannun gwamnatin tarayya tare da na Igbobi da na Inugu. A Dala akwai sashen da ake auna mutum a haɗa masa ƙafa ko hannu. Tun 2016 ƙungiyar agaji ta ICRC ta shiga tallafa wa wannan aiki a can, musamman saboda waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raunata, sannan a 2020 aka buɗe wata cibiyar a asibitin koyarwa na Maiduguri.

To kafin zuwan asibiti fa, ya Bahaushe yake yi? Yana da nasa tsarin. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa da fadawansa, yana sasanta rigima, yana magana da hukuma a madadinsu. Masassaƙi ya yi sanda, baduku ya ɗinka abin da za a sa a gwiwa ko a tafin hannu don jan jiki. Zamanin Turawa aka kafa asibitocin kuturta irin su Yadakunya a nan Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Tsarin gargajiyar nan ya hana mutum zama shi kaɗai, wannan gaskiya ne. Amma mu faɗa wa kanmu ɗayar gaskiyar: sana'ar da al'umma ta fi ware masa ita ce bara. Mun ba shi sadaka, ba mu ba shi hanyar komawa gona ba.

Waɗanda suka fara karya wannan tunani su ne masu lalurar da kansu. Cutar shan inna ta daɗe tana nakasa yara a Kano, abin ya ƙara muni bayan dakatar da rigakafi a 2003 zuwa 2004. Cikin waɗanda cutar ta taɓa tun suna yara akwai Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda ya jagoranci ƙungiyar masu shan inna ta Kano. Su da kansu suke yanka ƙarfe su yi walda, su ƙera keken guragu mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, shi kuma ya riƙa bi gida-gida yana roƙon iyaye su bari a ɗiga wa yaransu rigakafi. Akwai kuma Misbahu Lawan Didi, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu a kan katako mai ƙananan tayoyi. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Amma keken nan mai taya uku har gobe yana kan titi, saboda in ya lalace duk mai walda ko mai facin da ke bakin hanya zai gyara shi.

Wannan ya kai ni ga labarin da ya fi tsaya min a rai, daga Indiya. A birnin Jaipur akwai wani likitan ƙashi, Dakta P. K. Sethi. Ya lura talakawan da ake ba ƙafar roba samfurin Turai, da sun koma ƙauye sai su ajiye ta su koma kan sanda. Dalili? An yi ta ne don mutumin da yake sa takalmi sau-ciki, yake zama a kujera, yake tafiya a kan siminti. Shi kuwa manomin Indiya ba takalmi yake yawo, a ƙasa yake zama ya tanƙwashe ƙafa, yana tsuguno, yana shiga taɓo. Sai likitan ya haɗa kai da wani mai aikin hannu, Ram Chandra Sharma, wanda ba likita ba ne, ba injiniya ba ne. A 1968 suka fito da ƙafar Jaipur: roba irin ta taya, da itace, da ƙarfe mara nauyi. Tana lanƙwashewa a idon sawu, ba ta tsoron ruwa, ga ta da siffar ƙafa har da yatsu. Daga 1975 wata ƙungiya a can ta fara raba ta kyauta. Masu kallon fim ɗin Indiya, kun san Sudha Chandran? Ta rasa ƙafarta bayan haɗarin mota a 1981, ciwon ya ruɓe aka yanke. Da ƙafar Jaipur ta koma rawa, har aka yi fim a kan rayuwarta, Nache Mayuri, a 1986, ita da kanta ta fito a ciki.

Yanzu ku ɗauki wannan ma'auni ku ɗora a kan ƙanena. Zai yi alwala sau biyar, ruwa zai taɓa ƙafar. Zai yi sujada, zai yi zaman tahiya. Bayan gida na tsuguno ne. Abinci a kan tabarma. Da damina zai bi kunya-kunya yana noma cikin laka, da rani ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da ke sa dungu gumi. Zai hau babur. Duk ƙafar da ba ta ci wannan jarrabawa ba, komai tsadarta, ƙusar bango za ta koma.

To mu zo kan bidiyon da ya turo. Ita wannan da ake kira bayonik, ya take aiki? Ko an yanke hannu, ƙwaƙwalwa ba ta daina aika saƙo ba. In mutum ya yi niyyar dunƙule hannu, tsokar da ta rage a dungu tana motsawa, ta fitar da ɗan lantarki kaɗan. Sai a manna na'urar da ke jin wannan lantarki a kan fata, ta miƙa wa 'yar ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta umarci moto ya motsa yatsu. Masana a Tarayyar Sobiyet sun fito da irin wannan hannu tun wajen 1960. A 1997 kamfanin Ottobock ya fito da C-Leg, gwiwa mai kwamfuta da ke auna takun mutum tana daidaita kanta. A 2007 wani kamfani a Sukotilan ya fito da i-Limb, hannun da kowane yatsa yake da motonsa. A Suwidin kuma, tun 1990 aka fara dasa ƙarfen titaniyam cikin ƙashin dungu, a ɗaura ƙafar kai tsaye a kansa.

Babban jigo a wannan fage shi ne Hugh Herr na jami'ar MIT a Amurka. Yana ɗan shekara 17, a 1982, ya ɓata a kan dutse cikin ƙanƙara, sanyi ya cinye ƙafafunsa biyu aka yanke. A 2024 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wata sabuwar tiyata: ana haɗa tsokokin dungu bibbiyu, in ɗaya ta ja ɗaya ta saki, kamar yadda suke yi a lafiyayyar ƙafa, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa jin inda ƙafar ƙarfen take. Mutum bakwai da aka yi wa sun fi waɗanda aka yi wa yankan da aka saba saurin tafiya da kashi 41 cikin ɗari. Ku lura da wani abu a nan: nasarar ta fara ne tun daga ɗakin tiyata. Yadda aka yanke ƙafa yau shi zai nuna irin ƙafar da mutum zai iya sawa nan da shekara ashirin.

Har an wuce batun mayar da abin da aka rasa, an shiga batun ƙari. Markus Rehm, Bajamushe mai ƙafa ɗaya ta roba, ya yi tsallen mita 8.72 a 2023, alhali wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo mita 8.41 ya yi. Tun 2016 aka ƙi barinsa ya shiga Olamfik, wai sai ya tabbatar ƙafar ba ta ba shi fifiko. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink na Elon Musk ya dasa na'ura a ƙwaƙwalwar Noland Arbaugh, wanda jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya riƙa sarrafa kwamfuta da tunani kawai. In aka ci gaba a haka, wata rana wani mai lafiya zai ce a cire masa tasa a sa masa wadda ta fi ƙarfi. Nan hukuncin Arfajatu bai kai ba, don shi abin da ya rasa aka mayar masa. Tambaya ce da ya kamata malamanmu da likitocinmu su fara zama a kanta tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai dai akwai gefen da bidiyon TikTok ba ya nunawa. Na farko kuɗi: hannu ko gwiwa mai kwamfuta dubban daloli ne, wasu dubu goma-goma, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Na biyu caji: kusan kullum sai an yi, mu kuwa mun san halin wutarmu. Na uku, gumi da ƙura suna rikita na'urar da ke kan fata. Na huɗu shi ya fi ba ni tsoro. Wani kamfani a Amurka, Second Sight, ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar gani a ido. A 2019 ya daina yin ta, a 2020 ya kusa rushewa. Aka bar mutane da na'ura a cikin ido, in ta lalace babu mai gyara. A Amurka ke nan fa. Wannan da abin da ya sami ƙanena duk ciwo ɗaya ne: an ba ka gaɓa, amma makullinta yana hannun wanda ba ka san inda za ka same shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum goma da ke buƙatar irin waɗannan kayan, ɗaya ne kawai yake samu. Kuma samu sau ɗaya ba ya wadatarwa. Babba yana buƙatar sabuwa bayan 'yan shekaru, yaro mai girma kuwa kusan duk shekara. Daga Gwarzo zuwa Kano kusan kilomita 70 ne. Ka bi ta Kabo, Rimin Gado, ka shiga ta Kabuga. Awo zuwa ɗaya, gwaji wani zuwan, koyon tafiya wani, gyara wani, kowanne da kuɗin motar mutum biyu. A nan ne mutanenmu da yawa suke sarewa.

To mene ne abin yi? Ni dai ga abin da tarihin nan ya nuna min.

Na ɗaya, ƙafar da ta fi kowacce ita ce wadda Allah ya ba ka. Yawancin yankan da ake yi a yankinmu daga haɗarin hanya ne, da ɗorin da ya ɓaci, da ciwon suga, da injin niƙa ko na casa. Ban zo zagin masu ɗori ba, sun yi wa al'umma aiki tun kafin a san asibiti, kuma mutane ba za su daina zuwa wurinsu gobe ba. Amma kowa ya haddace wannan: in an ɗaure karaya, ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun canza launi ko sun daina ji, jini ne ba ya wucewa. A sassauta, a tafi asibiti a ranar, lissafin na awoyi ne. In ƙashi ya huda fata kuwa, asibiti kai tsaye. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya daina yawo ba takalmi. Da mun san wannan shekara uku da suka wuce, da wataƙila yau ba wannan shirin nake yi ba.

Na biyu, gyara ya matso kusa da gida. Auna dungu da haɗa mazauninsa aikin ƙwararre ne, kada wani ya ce zai yi a gareji. Amma canza maɗauri, ɗaure kusa, sauya tafin da ya cinye, wannan matasa za su iya koya a ƙarƙashin ƙwararru. Me zai hana a samu ɗan ɗakin gyara a babban asibitin Gwarzo, ma'aikacin Dala yana zuwa ko da sau ɗaya a wata? Wannan buƙata ce da za mu iya kai wa shugabannin ƙananan hukumominmu da 'yan majalisarmu a rubuce.

Na uku, 'yan uwana masu neman kwas. Haɗa gaɓoɓin roba ilimi ne mai zaman kansa, ana koyar da shi a kwalejin tarayya da ke Igbobi da jami'ar fasaha ta tarayya da ke Owerri. A Uyo, wani mai sassaƙa, John Amanam, da ƙaninsa ya rasa yatsu suka ga duk na kasuwa fatar Bature ce, sai ya fara yin masu launin fatarmu; yau har daga ƙasashen waje ake nemansa. Mu muna da ɗaliban injiniya a BUK da Wudil, muna da yaran Farm Centre da ke farfaɗo da matacciyar waya, muna da maƙera da dukawa. Abin da ya faru a Jaipur likita ne ya yarda ya zauna da mai aikin hannu. Wa ya ce ba za a yi haka a Kano ba?

Na huɗu, doka. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shiga, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika. Gobe in za ka shiga makarantarku, ko sakatariya, ko masallacin Juma'a, ka ƙirga matakalar ƙofa, ka tambayi kanka ta ina mai keke zai bi.

Ƙafa mai batir za ta iso, ina da yaƙini. Waya ma da ta zo sai masu kuɗi, yau tana aljihun mai tallan rake, kuma ta zauna ne saboda a kowace kasuwa akwai mai gyaranta da mai cajinta. Ranar da bayonik za ta yi araha, garin da yake da masu awo da masu gyara shi zai amfana, sauran kuma su tara kaya a bango.

Daga ƙarshe na kira ƙanena na faɗa masa kuɗin wadda ya gani. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, bar ta kawai. Ni wadda zan shiga gona da ita bana nake so." Mun haɗa kuɗin mota a dangi, ranar Litinin za mu sauke waccan daga ƙusa mu tafi a sake auna shi. Ku sa mu a addu'a.

In akwai mai irin wannan lalura a gidanku ko unguwarku, ku tambaye shi ina tasa ƙafar take, kuma me ya sa ya ajiye ta. Ku turo mana amsar, da ita za mu rubuta takardar da za mu kai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu a hanyoyinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.